Matar da Auta Ta Rubuta

Litinin, 3 ga wata, goma da rabi na safe, a shago

Na gama karanta littafin Auta. Kwana uku ina fama da shi, ni da rabona da karanta abin da ya wuce awon kafaɗa da ƙugu har na manta. Shekara guda ke nan da ta kawo mini shi da hannunta, har da rubutu a ciki, "Ga Yayata, uwata ta biyu." Na ce Allah ya sa albarka, na tura shi ƙarƙashin yadudduka. Da na sani da can na bar shi ɓera ya yi kalaci.

Wata mai kawo mini ɗinki ce ta tono maganar ranar Alhamis. Ina gwada mata hannun riga sai ta ce, "Ashe ke ce Mai Almakashi." Na ce wace ce kuma haka? Ta ce, "Ta cikin littafin ƙanwarki mana. Shi ake koya wa su ɗana a kwaleji, ajinsu ɗaya da 'yarki." Ta yi dariya. Allura tana bakina, shi ya cece ta.

To, na ga matar. Tela ce, ita ce babba a gidansu. Da haƙori take yanke zare. Tana da tabo a babban yatsan hagu. In za ta faɗi magana mai zafi sai ta kaɗa almakashi sau biyu a iska. Ni ban ma san ina yin wannan ba sai ɗazu da na kama hannuna yana yi. Kuma tana kulle uwarta a ɗaki da kwaɗo, ta rataya makullin a wuya, ta tafi shago.

Littafin awo ne wannan, amma daga bayansa zan riƙa rubutu. In ban zubar da abin da ke cikina a wani wuri ba, yadin wata baiwar Allah zan ɓata.

Talata, 4 ga wata, bakwai na safe

'Yata Ummi ta fita ba ta sha shayi ba. Gaisuwar ma daga bakin ƙofa ta jefo mini ita, idonta yana kan takalminta.

Yanzu na gane. Sati biyar ke nan yarinyar nan tana kewaye ni a gida kamar mai tsoron taka garwashi, ni ina cewa karatu ne ya yi mata yawa. Ashe ni ce karatun. Sunan Inna mahaifiyata gare ta, shi ya sa muke ce mata Ummi, kuma ita aka zaunar a aji ana koya mata yadda uwarta ta kulle mai sunanta.

Mutanen gari su faɗi abin da za su faɗa, baki dai nasu ne. Ummi ce ba na so ta dube ni da idon da ake duban matar nan.

Talata, bayan la'asar

Na yi wa Baban Ummi maganar da ya dawo daga tuƙi. Yana cire safa ya ce, "Maman Ummi, ai labari ne. Sunanki yana ciki?"

Na ce babu.

Ya ce, "To."

Na ce, "Yatsana yana ciki."

Ya dubi yatsan kamar yau ya fara ganinsa, ya ce in yi haƙuri, ƙanwata ce. Mutumin nan ko gidan ne ya kama da wuta haƙuri zai ba wutar.

Alhamis, 6 ga wata, sha biyu saura

Ina share falo na tsinci takardar aikin da malaminsu ya ba su. An ja layi an raba ta gida uku. Na farko, abin da tauraruwa ta faɗa. Na biyu, abin da ta aikata. Na uku, abin da wasu suka faɗa a kanta. Wai tauraruwa ake ce wa mutumin cikin labari. Na yi shekara arba'in da shida ba wanda ya ce mini tauraruwa sai yau da za a yanka ni.

A ƙasa an rubuta, "Kawo hujjoji biyar da ke nuna rashin imanin Mai Almakashi." Ummi ta cike huɗu, da rubutunta mai kyau da ni na koya mata a kan teburin yanka. A na biyar ba ta rubuta komai ba sai "shafi na 140."

Na juya takardar gaba da baya ina neman gida na huɗu, inda za a rubuta abin da ya sa. Babu. Na mayar da ita inda na same ta, na ɗora mata kofi kamar yadda na tarar.

Juma'a, 7 ga wata, da rana

Na ɗinka zif a baibai sau biyu. Ni.

Lahadi, 9 ga wata, tara na safe

Ummi ta haɗa jaka. Wai gidan Antinta ya fi kusa da makaranta, kuma jarrabawa ta matso. Ubanta ta faɗa wa, ba ni ba, shi kuma ya ce Allah ya ba da sa'a, har da ɗaukar mata jakar zuwa bakin titi. Ina tsaye a kicin ina ji, ludayi a hannuna.

Gidan Auta. Duk faɗin duniyar nan.

Litinin, 10 ga wata, goma na safe

Abin da ya fi cin raina, na tuna lokacin da aka yi mini satar. Shekarar da Auta ta dawo garin nan ta kama aiki, kullum da yamma sai ta zo ta zauna a kan bencin shagon nan, da ɗan ƙaramin littafi a cinyarta. Ta ce ƙarar keke tana sa mata natsuwa. Ni sakarya har shayi nake aika a kawo mata, ina jin daɗi ƙanwata ta yi kewata. In na yi faɗa da mai kawo zare sai in ga ta sunkuyar da kai tana rubutu. Na ɗauka aikin ofis ne.

Awo take ɗauka. Ni da nake auna mutane da sanin su, su ɗaga hannu in zagaya tef, aka auna ni ban sani ba.

Laraba, 12 ga wata

Ba na son Laraba. Ban buɗe shago ba.

Alhamis, 13 ga wata, huɗu da rabi na yamma

Auta ta zo. Baban Ummi ne ya tsegunta mata, na san aikinsa. Ta shigo da sallama a sanyaye, ta zauna a bencin nan nata. Na ce ta tashi, na masu kawo ɗinki ne. Ta tsaya a tsaye.

Ta ce, "Yaya, wallahi ba ke ba ce. Mutum huɗu na haɗa. Zaren da haƙorin naki ne, na yarda. Tafiyar ta shugabar makarantarmu ce. Muryar ta wata mai gidan haya ce da na taɓa zama a wurinta. Haka ake gina mutumin labari, a ɗauko nan a ɗauko can. Kamar yadda kike haɗa ƙyallaye ki fitar da shimfiɗa."

Na ce, "Ni in zan haɗa ƙyallaye, ba na yanko su daga rigar da ke jikin mutum."

Ban jira amsarta ba. Na ce, "Kwaɗon fa, na shugabar makarantarku ne ko na mai gidan haya?"



Na ce ta faɗa mini inda ta kai ranar da Inna ta fice aka tsinto ta a tashar mota ba takalmi, tana tambayar mutane hanyar gidan ubanta da ya rasu tun kafin a haife mu. Ina ta kai ranar da ta kunna risho ta ɗora filo a kai, ta zauna tana jira ya dahu, Ummi tana barci a ɗakin? Bayan wannan na sayi kwaɗon, kuma ta sani, don a waya na faɗa mata ina kuka.

Ta ce ta rubuta su, mai gyara littafin ne ya ce a cire. Wai in aka ba matar uzuri da yawa labarin zai yi sanyi.

Sanyi. Shekara uku na jinya, wanki da goge kashi da ɗura abinci, an cire su don kada labari ya yi sanyi.

Na ce, "Ke fa?" Don a littafin akwai ƙanwa, 'yar shekara goma sha biyu, mai zama a bakin ƙofar tana kuka tana lallashin uwar ta kafar makulli. Na ce, "Auta, shekararki ashirin da huɗu a lokacin. Kina jami'a. Sau biyu kika zo hutu a shekara ukun nan, na biyun ma kin ce warin ɗakin yana tayar miki da zuciya. Kin mai da kanki yarinya ne don kada a tambaye ki inda kike."

Ta fara hawaye. Ban ji komai ba, Allah ya gani.

Sai na tambaye ta abin da na yi kwana goma ina son tambaya. Na ce, "Shafi na ɗari da arba'in, wa ya faɗa miki?"

Ta ce, "Ba kowa. Ƙirƙira na yi."

Na ce ƙarya take. Ta ce marubuci yana shiga cikin zuciyar mutumin da ya gina ya ji abin da zai ji. Na ce ta fita mini daga shago kafin ta shiga wani wurin. Da ta kai ƙofa na tambayi Ummi. Ta ce tana lafiya, ba ta cin abinci sosai.

Asabar, 15 ga wata, da hantsi

Ba kowa a gidan ranar da abin da ke shafin nan ya faru. Baban Ummi yana kan hanya. Maƙwabciya ta tafi asibiti. Ummi tana makarantar firamare. Na ƙirga su ya fi sau ɗari, ba kowa.

To ta yaya?

Litinin, 17 ga wata, biyu na rana

Zuciya ta ɗebe ni na tafi kwalejin. Na nemi malamin adabi, aka nuna mini wani ofis mai fanka ɗaya da tarin takardu har kan kujera. Na tafi da niyyar in tarar da ƙaton mutum in wanke shi tas, sai na tarar da wani siririn saurayi mai ladabi, ya kwashe takardu ya ba ni wurin zama. Ban ce ni ce kowa ba. Na ce uwar ɗaliba ce, na karanta littafin, ina da tambaya.

Ya ji daɗi har fuskarsa ta nuna. Ya ce, "Mama, ai Mai Almakashi ita ce ta riƙe littafin. Ƙanwar nan ba ta da rai, kuka kawai take daga farko har ƙarshe, fuska ɗaya gare ta. Amma yayar mutum ce."

Ba zan ɓoye ba, wannan ya yi mini daɗi na minti ɗaya.

Na ce, "To in mutum ce, me ya sa ka ce yara su kawo hujja biyar ta rashin imaninta? Kotu ka buɗe?"

Ya ce da gangan ya yi, yana so ya ga wanda zai yi masa gardama. Ɗalibai sittin da uku, har yanzu ba wanda ya yi. Na ce yaro mai neman maki ba ya gardama da mai jan biro, in ka ce masa kawo biyar zai kawo maka shida. Na ce takardarsa ba ta da gidan abin da ya sa. Ya ce a nazari abin da ke rubuce kaɗai ake kamawa, abin da marubuci bai saka ba babu shi.

Na ce, "Ko da ya faru?"

Ya ce, "Mama, ai ba ta faru ba. Labari ne."

Sai ya jawo littafin da kansa ya buɗe shafin, ban roƙe shi ba. Ya ce nan ne marubuciyar ta nuna gwaninta, wanda bai yi jinya ba ba zai taɓa sanin wannan ba. Na ce, "Ba ta yi ba." Ya ɗago ya dube ni, sannan idonsa ya sauka kan hannuna na hagu. Na tura shi cikin mayafi, na yi masa sallama. Har bakin ƙofa ya rako ni yana ba ni haƙuri, shi ma bai san na mene ne ba.

A harabar na hango Ummi da ƙawayenta. Ta rame. Ta gan ni, na tabbata, sai ta juya ta shiga wani aji.

Talata, 18 ga wata, da safe

Na kira wayar Ummi sau uku. Saƙo ta turo: "Ina aji, Mama."

Laraba, 19 ga wata, bayan azahar

Tunda kowa ya karanta, har yara sittin da uku, bari ni ma in rubuta da hannuna.

Laraba ce. Na kulle Inna da safe kamar kullum, na ajiye mata ruwa a kofin roba. Ta kira ni da sunan yayarta, ta ce kada in daɗe. Ina da rigar da zan gama, na daɗe. Da na dawo bayan azahar na buɗe kwaɗon, ƙofar ta ƙi turuwa, sai da na sa kafaɗa. Tana kwance a bayanta.

Ban yi kuka ba. Na gyara mata zane, na rufe mata ido, na zauna a bakin gado. Na cire igiyar makullin daga wuyana na ajiye a ƙasa, na shafa wurin da ta ci mini fata. Sai na sauke wani dogon numfashi na ce alhamdu lillahi. Ba don ta huta na faɗa ba, kada in yi wa Allah ƙarya. Don ni na faɗa. Kukan sai bayan kwana biyu ya zo, kuma har yau bai gama fita ba.

Haka yake a littafin. Har igiyar, har shafa wuyan. Shekara goma sha biyu ban faɗa wa ko mijina ba.

Duk sauran abin da Auta ta yi mini zan iya tsayawa a tsakiyar kasuwa in ce ƙarya ne, ko rabi ne. Wannan shafin ne ba ni da bakin magana a kansa, kuma shi ne 'yata ta kasa rubutawa.

Alhamis, 20 ga wata

Na shirya abin da zan ce mata in ta tambaya. Zan ce ƙirƙira ce, Antinta ma haka ta ce. Na maimaita shi a gaban madubin gwaji har ya zauna a bakina.

Asabar, 22 ga wata, biyar na yamma

Ummi ta zo shago. Ina kalmasa wani siket na ji sallamarta, ƙafata ta tsaya a kan keke. Ta durƙusa ta gaishe ni sosai, irin gaisuwar da ta yi sati bakwai ba ta yi ba. Na amsa ina kallon ɗinkina.

Ta ce sun yi jarrabawar jiya, tambayar ta fito. Na ce madalla, Allah ya sa ta kawo biyar ɗin cif. Ta ce ba ta amsa ba, farar takarda ta miƙa. Na ce wannan kuma sakarci ne, ba don ta miƙa farar takarda ubanta yake kwana a hanya ba. Na ji muryata tana tashi, na koma kan ɗinkina.

Ta ce, "Mama, maganar shafin nan."

Ƙaryar tana kan harshena, a shirye. Na dubi yarinyar, wuyanta duk ƙashi, na ji na gaji. Na ce, "Gaskiya ne. Haka na yi, haka na ce. Ki ɗauke ni yadda kika ga dama."

Ta ce, "Na sani. Ina tsaye a bayanki."

Ban gane ba, sai da ta sake faɗa. Ranar an tashe su da wuri, malamarsu ba ta da lafiya. Ta biyo ni tun daga bakin layi tana so ta ba ni tsoro, ta laɓe a jikin ƙofar. Ta ga komai. Da ta ji na ce alhamdu lillahi sai ta koma waje ta zauna a dakali har mutane suka fara taruwa. Shekararta bakwai.

Ta ce, "Ni na faɗa wa Anti. Shekara uku da suka wuce ta tambaye ni abin da nake tunawa game da Kaka. Ban san littafi za ta saka ba, wallahi Mama. Kuma ba da mugunta na faɗa ba. Na ce mata ranar ce na fara ganin kin zauna. Kullum a tsaye nake ganinki, har abinci a tsaye kike ci."

Ta ce tun da malam ya karanta shafin a aji ta kasa haɗa ido da ni. Ta tafi gidan Antin ne don ta yi mata faɗa ta sa a janye littafin, suka yi ta yi, abin ya gagara. Kuma ta kasa dawowa, don ta san ita ta tona mini asiri.

Na zauna ina kallonta. Sati uku ina haukan kada ta sani, ashe da saninta ta girma. Da saninta take kwanciya a cinyata in yi mata kitso, da saninta take rigima sai ni zan raka ta asibiti. Ina so in yi fushi da ita, na laluba ko'ina ban samu ba. Na Auta yana nan daram, wannan ba yau ba, ba gobe ba.

Na ce ta tashi daga durƙuson, ƙasan duk allurai ne. Na ce gobe ubanta ya kai ta ta kwaso kayanta daga gidan can.

Ta ce jakar tana waje tun ɗazu, a jikin bango. Ba ta shigo da ita ba ne don ba ta san ko zan bari ba.

Ni na fita na ɗauko ta.